Burodin Dogo

Malam Tambaya ya tona asirin Dogo, kuma ba da baki ya tona ba. Burodi ya karɓa daga hannun yaron ya kai wa uwarsa a cikin leda. Iyakar abin da ya yi ke nan, gida kuwa ya watse.

Ba sunansa ba ne Malam Tambaya, 'yan unguwa ne suka laƙaba masa, har ya saba yana amsawa. Wata cibiyar bincike ce ta ɗauke shi aiki tun gashinsa na baƙi. Irin binciken nan ne da ba a canza gida. An zaɓi gidaje tun farko, an ba kowanne lamba, duk shekara sai a koma wa mutanen nan dai, a sake yi musu tambayoyin nan dai. Wa ya samu aiki, wa ya rasa, wane yaro ya bar makaranta, wa ya kwanta asibiti, sau nawa ake ɗora tukunya a rana. A ofis ake tara amsoshin, a cire sunaye, a duba yadda rayuwa take juya mutane, sannan a kai wa masu tsara ayyukan gwamnati. Da takarda da biro ya fara yawo, daga baya aka ba shi kwamfutar hannu da babur. Abu na farko da yake faɗa a kowace ƙofa bai taɓa canzawa ba: duk abin da aka gaya masa amana ne, ko miji ba zai ji amsar matarsa ba.

Cikin gidajensa akwai na wani kafinta. Shagon yana gaba, ɗakuna suna baya, garin katako kuwa har cikin butar shayi. Kafinta mutum ne mai faɗin ƙirji da gajeren haƙuri, amma yana da barkwanci idan ya tashi da ƙafar dama. Da ya ji ƙarar babur sai ya ɗaga murya.

"Ga ɗan leƙen asiri nan ya iso! A ɓoye tukunya!"

"Ko an ɓoye sai na tambaya," in ji Malam Tambaya.

"Bara na gaya maka gwiwata tana ciwo. Me gwamnatin taku ta yi wa gwiwar?"

"An rubuta."

"To ka gaya musu rubutun bai kama ni ba, a ƙaro wani."

Haka suke yi duk shekara. A gaban Malam Tambaya 'ya'yan gidan suka girma. Babban shi ne Dogo, yaro marar magana wanda tsawo ya riga ƙiba zuwa. Shi yake riƙe wa ubansa katako tun kansa bai kai teburin aiki ba.

Wata shekara ya zo bai tarar da Dogo ba. A bakin maƙwabta ya ji labarin tun kafin ya kafe babur. Ƙofa aka yanka wa wani mai gini ta gajarta, kafinta ya ce laifin Dogo ne, ya ɗauki guntun katako ya sauke masa a hannu a gaban mai ƙofar da mutanen titi. Yatsu biyu suka karye. A lokacin Dogo har ya fara gemu. Ya jira aka ɗaure hannun, washegari aka nemi jakarsa aka rasa.

"Goge shi daga injin naka," in ji kafinta. "Ba ni da ɗa mai wannan suna."

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofar tsakar gida da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Malam, kada ka goge. A gidan nan yake, fita ya yi."

Dokar aikin ba ta bi maganar ko ɗayansu ba. Shugabar aikin, wata gajeriyar mace mai tabarau da kowa ke ce wa Madam, takan maimaita ta duk lokacin da za a fita.

"Ba gini muke bi ba, mutum muke bi. Wanda yake zaune lafiya a gidan ubansa ba ya wuyar samu. Wanda ya fita da jaka a kafaɗa, a wurinsa labarin yake. Idan muka bar irinsu suna ɓace mana, za mu je mu ce wa gwamnati kowa yana nan ƙalau, alhali waɗanda abin ya ci ne ba mu ƙirga ba. Ku nemo mini shi."

Ya nemo shi kuwa. Kowane mai amsa tambaya yakan ba da sunan wani da zai san inda yake idan ya tashi. Dogo wani mai aski ya bayar. Mai aski ya yi ta noƙewa, da ƙyar ya tura shi wurin wani direban motar kaya, direba ya tura shi can ƙarshen gari, bayan gadar jirgin ƙasa, inda hayaƙin masana'antu yake rina wanki a kan igiya. A wani gidan burodi ya same shi, ba riga, fulawa har gira, yana dukan ƙullu da hannun nan mai karkatattun yatsu.

Dogo ya dube shi ya daɗe. "Shi ya aiko ka?"

"Aiki ya aiko ni."

"To ka ji. Zan ba ka amsa kamar yadda na saba. Amma ranar da wani daga gidan can ya san inda nake, ni da kai mun gama. Har Inna. Ba don ba na sonta ba. Ba ta iya ɓoye masa komai, fuskarta yake karantawa."

"Ko Madam ba ta isa ta sa in faɗa ba," in ji Malam Tambaya.

Daga nan gida ɗaya ya zama ƙofa biyu a wurinsa. A ɗakin Dogo yakan zauna a kan bokitin fenti da aka kifa, ya tambaya, yaron ya amsa. Ya faɗa masa watannin da ya kwana a tasha. Ya faɗa masa lokacin da ya fara shan maganin tari don ya samu barci, da yadda ya daina. Daga baya aka ba shi kula da tanderu. Daga baya ya auri wata mai sayar da katin waya a bakin titi, suka haifi 'ya mace, ita ma aka ba ta lamba a ƙarƙashin ta ubanta. Duk ranar da aka gama, Dogo yakan zaɓo burodi mai zafi ya cusa masa a jaka, ya ce na yara ne.

A ɗaya ƙofar kuwa ba abin da ya motsa sai furfura. Idan kafinta ya gama nasa ya koma shago, sai matar ta shimfiɗa wa Malam Tambaya tabarma a inuwar bango, kusa da keken ɗinkinta. Sau ɗaya ta taɓa roƙonsa kai tsaye, ya ce mata aikin bai yarda ba. Ba ta sake ba. Sai dai ta samo wata dabara.

"Malam, shekarar da surukata ta rasu, tun daga ƙofa ka fara yi mini ta'aziyya. To ni duk shekara bakinka nake kallo idan ka shigo. In ka zauna ba ka yi mini ta'aziyya ba, na samu abin da zan riƙe har baɗi."

Ya sunkuyar da kai yana latsa na'ura.

Ranar da abin ya faru, babur ɗinsa ne ya daɗe a wurin gyara, aiki ya taru masa. Da can ba ya haɗa ƙofofin nan biyu a rana ɗaya. Ranar ya haɗa. Da safe yana wurin Dogo, 'yar ta fara tafiya, tana jan igiyar takalminsa tana dariya. Da yamma yana kan tabarmar kakarta, burodi yana cikin jaka.

A shekarar an ƙaro sababbin tambayoyi a kan tsofaffi, don ana so a san wa yake kula da su idan ƙarfi ya ƙare. Ya karanta mata yadda aka rubuta.

"Jikoki nawa gare ki?"

"Biyu. Na wajen ƙanwar Dogo."

Doka ta ce abin da mai amsa ya faɗa shi za a sa, ko ka san ba haka ba ne. Yatsansa ya tsaya a saman gilashin. Bai daɗe ba, amma matar da take kallon bakin mutum shekara da shekaru ba za ta rasa ganin yatsa ba.

"Malam, biyu na ce. Ko ba biyu ba ne?"

"Biyu kika ce, biyu na sa."

Ya ci gaba. Tambaya ta gaba ita ce ko tana samun barci. Ta ce tana samu. Ta gaba, ko akwai wanda take kai wa kukanta idan abu ya dame ta. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Keken nan." Sai hawaye ya zubo mata, ta share da bakin mayafi, ta ce zare ne ya shiga idonta.

Malam Tambaya ba yaro ba ne. Ya ga kuka a gidaje iri-iri, ya kuma koyi rufe jaka ya tashi. Amma ranar sai ya ce a ransa, burodi ai ba magana ba ne. Ya zaro shi ya ajiye a kan keken.

"Ci wannan ke kaɗai. Kada ki ba kowa."

Ta dubi burodin, ta dube shi. Ta sa hannu biyu ta ɗauka kamar jariri, ta kai hanci. Shi kuma ya fita yana jin ya yi abin kirki ba tare da ya karya alkawari ba. Har ya kai gida bai tuna cewa a jikin ledar an buga sunan gidan burodin da titinsa da jan rubutu ba.

Ba a yi sati ba mai askin nan ya kira shi a waya. Ko gaisuwa babu.

"Kai ne ko? Na ce kai ne? Je ka ga aikinka."

A bakin mai gidan burodin ya ji yadda aka yi, mutumin yana magana yana nuna wurare da hannu. Matar ba ta iya cinye burodin ba. Ta ɗan gutsura, ta naɗe sauran da ledarsa ta sa a ƙasan akwatin kayanta. Wari ya fara fita. Kafinta ya buɗe, ya ga burodi ya yi fumfuna an ɓoye shi kamar zinariya, ya dubi fuskarta, ya karanta ledar. Bai sha wahala ba.

"Da fararen kaya ya zo," in ji mai gidan burodin. "Har da turare. Ni na ɗauka mai sari ne. Wallahi ina jin sulhu ya zo nema, don ya daɗe a bakin ƙofa yana gyara hula. Amma da ya buɗe baki sai ya ce, 'Ashe nan ka ƙare? Ka bar aikin maza ka zo kana kwaɓa wa mutane ƙullu?' Yaron bai ɗago ba. Tsohon ya ce, 'Da kai nake, ko kunnen ma ya karye?' Yaron ya ci gaba da jera tire. Sai ga matar yaron ta shigo kawo abinci da 'ya a baya. Tsohon ya gan su. Nan ne fa ya haukace. Wai har aure, har haihuwa, yana raye ba a gaya masa ba, an mai da shi gawa. Ya miƙa hannu zai kwance 'yar daga bayan uwarta. Ban san ko ɗauka zai yi ya gani ba. Yaron dai hannu ya gani ya nufi 'yarsa."

Dogo ya ture shi. Turewa ɗaya. Kafinta ya tafi da baya ya dafa ƙofar tanderu da hannun dama, ya faɗi a kan tire masu zafi. Ma'aikata suka ɗauke shi zuwa asibiti yana zagin kowa.

"Ni ban kori yaron ba," in ji mai gidan burodin. "Ina zan samu mai kula da wuta irinsa? Shi ya ce ba zai kwana inda aka san ƙofarsa ba."

Malam Tambaya ya sami Dogo a ɗakinsa yana ɗaure katifa da igiya. Matarsa tana zuba kwanuka a buhu, ba ta amsa sallama ba.

"Dogo, ka tsaya ka ji."

"Me zan ji? Wata tambayar ce?"

"Ban faɗa wa kowa ba. Burodi kawai na ba ta."

"Burodi kawai." Dogo ya ja igiyar da haƙori ya ƙulle. "Na ce maka na yara ne. Malam, na gaya maka abin da matar nan ba ta sani ba. Ka zauna a kan bokitin can ka kwashe cikina kaf, shekara bayan shekara, ni kuma ina ba ka don ka ce amana ce. Yau na ɗaga hannu na ture ubana a wuta. Duk dukan da ya yi mini ban taɓa ɗaga masa hannu ba, shi ya sa na tafi. Kai ka kawo mini shi har inda ba ni da wurin ja da baya."

"Uwarka ce ta ba ni tausayi."

"Ni ba ta ba ni ba? Kai ka fi ni sonta?" Ya ɗaga katifar ya ɗora a kafaɗa. "Matsa mini hanya."

Shi da kansa Dogo ya kira ofis ya ce a cire shi da matarsa da 'yarsa. Madam ta sa aka kira Malam Tambaya. Ba ta yi ihu ba, ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Ka san abin da ka zubar? Yaron nan tun yana firamare muke da shi. Mun ga ya bar makaranta, mun ga ya bar gida, mun ga ya faɗi, mun ga ya tashi da ƙafarsa. Irinsa 'yan kaɗan ne a hannunmu, kuma da su muke nuna wa masu mulki inda ya kamata a tare yara kafin su faɗi. Ba a sayo mutum irin wannan a kasuwa a maye gurbinsa. Sannan labari ya bazu a layin kafinta. Gida huɗu sun ce kada a sake zuwa musu. Akwai matar da ta kira tana kuka, tana tambaya ko mijinta zai ji abin da ta faɗa maka."

"Zuciya ce, Madam."

"Kowa yana da ita. Kai an ba ka amana ne a kan taka."

Ba a kore shi ba. Ma'aikacin da ya san lunguna irinsa yana da wuyar samu. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka ɗauke shi daga unguwar aka mai da shi wani ɓangaren gari, aka ce kada a sake ganinsa a gidan kafinta.

Ya je duk da haka, ba da na'ura ba. Shagon a buɗe, amma ba ƙarar zarto. Kafinta yana zaune a kan benci, hannun dama a naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Bai ce a ɓoye tukunya ba.

"Maman Dogo tana ciki?"

"Ba ta nan. Na ce ta je gidan wanta ta huta."

"Wallahi ba ta san komai ba. Ni ne..."

"Kai baƙo ne, aikinka munafunci, an biya ka ka yi. Ita fa? Gado ɗaya muke kwana tana ɓoye mini burodi a akwati. Wa ya san me kuma ta ɓoye? Shekarun nan duka ku biyu kuna zaune a tabarmata kuna yi mini dariya."

"Ba haka aka yi ba."

"To rubuta yadda aka yi ka kai wa gwamnati. Tashi mini daga shago."

Wan nata yana da shagon kayan gini a bakin kasuwa. A ɗakin ajiya na baya aka sa mata katifa, tsakanin buhunan siminti da bandir ɗin waya. Nan Malam Tambaya ya same ta tana tsince shinkafa a faranti, don matar wan ta ce ba a zama haka kawai a gidanta. Ta rame. Ta amsa gaisuwarsa kamar ba abin da ya faru, har ta tura masa kujera da ƙafa.

"Da yake zagina ne na ji wai akwai 'ya," in ji ta. "Da wa take kama?"

Malam Tambaya ya ce, "An hana ni magana a kansu."

Ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ido ba. "Yanzu ka tuna da doka, Malam?"

"Ki yafe mini."

"Ka san inda suka koma?"

"Ban sani ba. Wannan karon da gaske ban sani ba."

Ta daɗe tana kallonsa, ta ga gaskiya yake faɗa. Ta mai da kanta kan farantin.

Hannun kafinta ya warke, da tabo, amma yana riƙe guduma. Malam Tambaya yana nan yana bin gidaje a sabuwar unguwarsa, har an canza masa babur. Dogo ma an ce wani direba ya hango shi a wani gari yana sauke buhunan fulawa, da ƙarfinsa. Dangi sun je ba kafinta haƙuri sau da dama, har da dattawan layi, ya ce matar da ta ɓoye masa abu ba za ta sake taka masa gida ba, ko keken ɗinkinta bai bari an ɗauka ba. Ita da ba ta karya wa kowa alkawari ba, tana nan a ɗakin siminti. Ƙurar ta kama mata ƙirji, tari ba ya barinta. Auren da ta yi tun tana budurwa ya mutu, ɗanta bai san an kore ta ba, jikarta kuwa ko sunanta ba ta sani ba.